Fadar Vatikan da batun talakawa: daga Paparoma Francis zuwa Leo na 14

Babbar takardar koyarwa ta farko da Paparoma Leo na 14 ya fitar a watan Oktoban 2025, mai suna Dilexi te, kacokan a kan ƙaunar talakawa ta tsaya. Paparoma Francis ne ya fara rubuta ta kafin rasuwarsa ranar 21 ga Afrilun 2025, magajinsa kuma ya kammala. Hakan ya nuna cewa sabon shugaban ɗarikar Katolika ba shi da niyyar sauya alƙibla.

Wannan aƙida ta samo asali ne daga Latin Amurka. A tarukan da suka yi a Medellin ta ƙasar Kolombiya a 1968 da kuma Puebla ta Meziko a 1979, bishop-bishop na yankin sun amince cewa wajibi ne coci ta fifita marasa galihu. Wasunsu sun ɗanɗana kuɗarsu. An bindige Akbishop Oscar Romero na El Salvador a 1980 yana tsakiyar jagorantar ibada, saboda sukar zaluncin sojoji.

Francis, ɗan ƙasar Ajantina, shi ya kai wannan manufa fadar Vatikan. Ziyararsa ta farko a wajen birnin Rum a 2013, tsibirin Lampedusa ya nufa, inda baƙin haure daga Afirka ke sauka. Shi ma Leo, ko da yake haifaffen Chicago ne, ya shafe kimanin shekaru 20 yana aiki a Peru.

To sai dai faɗa da cikawa abubuwa ne biyu. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID, wadda ta kasance babbar mai tallafa wa ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services da ke aiki a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Nijar. Ita kanta fadar Vatikan ta shafe shekaru tana fama da giɓi a kasafin kuɗinta, kuma tana dogaro ƙwarai da gudummawar Amurkawa, waɗanda kawunansu suka rabu a kan korar baƙin haure da Paparoma ke suka.

Don haka za a auna shugabancin Leo ne da ko zai ci gaba da kare talakawa ko da hakan zai ɓata wa masu hannu da shuni rai.