Lafiya Uwar Jiki: Ciwon jijiya na gado da shan giya

Akwai wani ciwon jijiya da ake gado daga uwa ko uba. Likitoci uku suka fara bayyana shi a shekara ta 1886: Sharko da Mari a Faransa, da Tut a Ingila. Shi ya sa a gidan likita ake kiran shi Sharko-Mari-Tut. Ana ƙiyasin mutum 1 cikin 2500 yana da shi a duniya.

Ciwon yana kama jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Yawanci tun ƙuruciya yake farawa, daga ƙafafu. Ƙwauri ya rame. Yatsu su lanƙwashe. Mutum ya riƙa tuntuɓe, takalmi na suɓuce masa. Daga baya hannu ya yi rauni, riƙon hauya ko igiyar wasaki ya yi wuya. Ba sammu ba ne, ba aikin iskoki ba ne, kuma ba a ɗaukar shi wajen cin abinci tare. Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi, amma ana rayuwa da shi har tsufa.

To, ina batun giya? Giya kowace iri, ta kwalba ko burkutu, guba ce ga jijiya idan an daɗe ana sha. Tana kuma hana jiki amfana da bitamin B1, abincin jijiya, wanda ake samu cikin hatsi da wake da gujiya da nama. Mai ciwon gado, jijiyarsa da ma ta raunana. Idan ya ƙara mata giya, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Likitoci ba su da wani awo da za su ce masa: wannan ba ya cutarwa. Bari shi ne mafi alheri.

Wanda ya saba sha kullum, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai. Yana iya kamuwa da makyarkyata ko farfaɗiya. Ya je gidan likita a taimake shi.

Kafin ya bari, ga abin da zai kiyaye:

1. Kada ya sha da yunwa.
2. Kada ya haɗa giya da tiramol ko maganin barci. Haɗin yana iya tsayar da numfashi.
3. Idan ya sha, kada ya hau moto ko itace, kada ya tsaya bakin rijiya, kada ya kwanta kusa da wuta. Ƙafar da ta mutu ba ta jin ƙuna.
4. Kowane dare ya duba tafin ƙafarsa, ko ƙaya ta shiga bai ji ba.

Gidan da aka ga yara biyu ko uku suna jan ƙafa, a kai su a auna tun da wuri. Dangi su ja mai ciwon a jiki, kada a yi masa gori. Rigakafi ya fi magani.