Tsagar Bangon Ta Wa Ce?

Da misalin ƙarfe biyun dare, cikin watan Agusta, ruwan sama ya ƙi tsagaitawa, sai na ji ana dukan ƙofar ɗakina. Maƙwabciyata ce rungume da autarta 'yar shekara biyu, yarinyar tana jan numfashi da kyar, yawu yana zuba daga bakinta. "Malam, don girman Allah ka taimake ni, babansu yana wurin aikin dare," in ji ta. Sati uku ke nan kuɗin cizo sun hana yaranta barci. Da magariba ta yayyafa fiya-fiya a katifa da lungunan ɗaki, feshin ruwa kuma ya sa ta rufe taga, suka kwana a ciki. Mun taka cikin ruwa har bakin titi kafin mu sami keke napep. Allah ya sa yarinyar tana da sauran kwana.

Bayan kwana biyu wakilin mai gida ya leƙo, ba don dubiya ba, sai don ya tuna wa mutum biyu cewa wa'adin hayarsu ya matso. Da aka ba shi labari sai ya ce, "Ai ƙazantarku ce take jawo muku." Wannan jimla ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Ita ce garkuwar masu gidajen haya da yawa daga Kawo zuwa Unguwar Shanu, daga Badarawa zuwa Hayin Banki, kuma abin baƙin ciki, mu 'yan haya mun daɗe da yarda da ita har muna jin kunyar faɗin abin da ke damunmu.

Gidan da nake magana a kansa yana wani lungu a Badarawa, kuma duk wanda ya zauna haya a arewacin Kaduna ya san irinsa. Ɗakuna goma sha ɗaya ne suna kallon juna, da makewayi ɗaya, da wurin wanka biyu, da rijiya a tsakar gida. Na kama ɗaki a ciki bayan na gama bautar ƙasa. A ranar da na shigo na tarar da murfin sokawe ya rufta ta gefe guda an ɗora masa tsohon kwano. Silin ɗin ɗakuna huɗu ya yi ciki saboda yoyo. Magudanar ruwan wanka ta toshe, ruwan ya kwanta a bayan katanga. Gindin bango kuwa ya zaizaye, siminti ya ɓare, ramuka sun bayyana. An ce mini za a gyara bayan damina. Damina biyu sun wuce a kan idona.

Hujjata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya: yawancin ƙwari da ɓerayen da suka addabi gidajen haya 'ya'yan gyaran da aka ƙi yi ne, gyaran gini kuwa bashi ne a wuyan wanda ya karɓi kuɗin haya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a tuhumi ɗan haya da ƙadangaren, a fara tambaya: tsagar bangon ta wa ce?

Mu bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya mu ga ta inda suke shigowa. Ɓera yana bin magudanar da ta fashe da ramin gindin bango, ya hau silin ya ratsa gidan daga farko har ƙarshe, domin a irin wannan gini bangon da ya raba ɗakuna sau da yawa bai kai rufin kwano ba. Kyankyaso yana kwana a sokawen da ba shi da murfi, da dare ya fito ya taka kwanon abinci da ƙafafun da ya taka najasa da su. Sauro ba ya buƙatar kogi, ruwan da ya kwanta a bayan katanga ya ishe shi, cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwai ya zama sauro mai cizo. Gara tana bin katakon da yoyo ya jiƙa. Shi kuwa kuɗin cizo, wanda aka fi jingina wa ƙazanta, jini yake ci, ba datti ba. Yana ɓuya a tsagar bango da ɗinkin katifa, yana iya yin watanni bai ci komai ba, ƙwansa kuma yakan tsira daga feshi ya ƙyanƙyashe bayan sati ɗaya ko biyu. A shekarar 2023 birnin Faris na ƙasar Faransa, da duk tsaftarsa, ya shiga ruɗani a kan wannan ƙwaro ana shirin wasannin Olamfik na 2024. Idan tsafta kaɗai ce maganinsa, da bai je can ba. Wace tsintsiya ce za ta toshe tsagar bango? Wane sabulu ne zai rufe sokawe?

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya ga rashin barci da ƙaiƙayi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera idan sun taɓa abinci ko kayan gida. A watan Fabrairun 2024 cutar ta hallaka ma'aikatan lafiya a Asibitin Sojoji na 44 da ke nan Kaduna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, takan shawarci jama'a duk lokacin rani da su rufe abinci su kuma toshe hanyoyin ɓera. Ɗan haya zai iya rufe tukunyarsa, amma hanyar ɓeran tana cikin ginin da ba nasa ba. Haka nan zazzaɓin cizon sauro: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Ana raba gidajen sauro, abin a yaba, amma kududdufin da ke ƙyanƙyasar sauron yana nan a bayan ɗakinmu.

Da yake an hana mu siminti, sai muka koma ga guba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna, domin maganin gona ne ba na ɗakin kwana ba. Duk da haka fiya-fiya a kwalaben da ba su da suna tana nan a hannun 'yan talla. Uwar da ta yayyafa ta a katifar 'yarta ba jahila ba ce, ba kuma marar imani ba ce. Mace ce da ta kai ƙara sau uku aka ce mata "Alhaji ya yi tafiya", ta ga jikin yaranta ya yi rudu-rudu, ta sayi abin da kuɗinta zai iya saya. Abin takaici, feshin ɗaki ɗaya a gida mai ɗakuna goma sha ɗaya aikin banza ne: ƙwarin su ƙaura zuwa maƙwabci, su dawo bayan wari ya lafa. Muna sayen guba wata-wata, mai gida yana tara abin da ya kamata ya kashe sau ɗaya.

Mu zo ga kuɗi, tunda nan ne gizo ke saƙa. A wannan gari ɗan haya yakan biya shekara guda cif kafin a miƙa masa mabuɗi, ya ƙara da la'adar dillali, wani wurin har da kuɗin ajiya wai don abin da zai lalata. Ya sauke nauyinsa gaba ɗaya tun ranar farko. Me aka sayar masa? An sayar masa da wurin da za a iya zama a ciki na wata goma sha biyu. Idan rufin yana yoyo a wata huɗu daga ciki, to an ba shi mudu wanda bai cika ba. Mai hatsin da ya tauye mudu a Kasuwar Kawo sunansa macuci, kowa ya yarda. Me ya sa mai gidan da ya tauye rufi ake kiransa mai haƙuri da 'yan haya?

Na san abin da masu gidaje za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin siminti da kwano da katako ya yi tashin gwauron zabo. Gaskiya ne. Za su ce wasu daga cikinsu zawarawa ne da 'yan fansho waɗanda hayar ce abincinsu, wasu gidajen kuma na gado ne, magada goma suna jiran rabonsu, babu mai son a taɓa kuɗin. Wannan ma gaskiya ne. Amma tsadar kaya ba ta hana su ƙara kuɗin haya ba, hasali ma ita ce hujjarsu ta ƙarin. Ba za a karɓi ƙari da sunan tsadar siminti sannan a ƙi sayen simintin ba. Gyaran da aka jinkirta kuma ba ya raguwa: kwano ɗaya da aka ƙi canzawa bana, baɗi shi ne zai ci silin da katako, ya kai ga bango. Mai gidan da ya ƙi gyara yana cin jarinsa ne yana zaton riba yake ci.

Za su kuma ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na karɓi wannan a madadin 'yan haya. Muna da laifinmu. A gidanmu akwai mai barin kwanuka su kwana da sauran tuwo, akwai mai zuba leda a magudana, akwai mai sayo tsohuwar katifa ya shigo mana da baƙi, akwai wanda ranar sharar makewayi ba ta taɓa samunsa a gida ba. Abin da yake na kowa yakan zama ba na kowa ba. Sai dai a raba laifin da adalci. Shara da wanki da rufe abinci namu ne, duk wanda ya fasa abu da hannunsa kuma ya biya. Rufi da bango da sokawe da magudana na mai gida ne. Haɗa biyun a ƙarƙashin kalmar ƙazanta dabara ce ta sa wanda aka zalunta ya sunkuyar da kai.

Ina hukuma take? Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, ya ci tarar wanda ya yi sakaci. A 1984 gwamnatin soja ta zo da yaƙi da rashin ɗa'a, daga nan aka saba da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Har yau akwai jami'an lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi, jihar nan tana da hukumar kare muhalli ta KEPA da ta tsara birane ta KASUPDA. Birnin da ya iya faɗaɗa tituna ya gina gadar Kawo sabuwa ba zai kasa duba makewayin gidan haya ba. A Ingila, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak ya rasu a garin Rochdale a Disambar 2020 saboda fumfunar da ta mamaye gidan hayar iyayensa, bayan sun yi ta kai ƙara ba a saurare su ba. A 2023 aka yi doka da sunansa wadda ta ɗora wa masu gidajen hayar jama'a wa'adin gyara. Su sai da suka binne yaro suka farka. Mu kam muna da damar farkawa kafin nan.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Na farko, kada a ƙara biyan haya da baki: a rubuta yarjejeniya, ko da Hausa ce a takarda ɗaya, ta fayyace gyaran da ke kan kowa da kwanakin da za a yi shi, mai unguwa ya sa hannu. Na biyu, idan wa'adi ya wuce ba a gyara ba, yarjejeniyar ta ba 'yan haya damar su gyara su cire daga haya mai zuwa bisa rasit. Na uku, Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa ta mayar da duba-gari gidajen haya, ta hana a sa sabon ɗan haya a gidan da sokawensa yake buɗe, kuma tarar ta faɗa kan mai gida, ba kan matar da aka tarar tana wanke-wanke ba. Na huɗu, feshi ya zama na gida gaba ɗaya a rana ɗaya, a hannun wanda ya san aikin, bayan an toshe ramuka, yara kuma suna waje. Na biyar, malamai da limaman coci da ke yi mana wa'azin haƙƙin maƙwabci su tuna wa masu sahun gaba cewa ɗan haya ma amana ne. A ƙarshe, mu 'yan haya mu daina kai kuka ɗaiɗai. An fi saurin korar mutum ɗaya da a ce masa "akwai masu jira" fiye da mutum goma sha ɗaya da suka sa hannu a takarda guda.

Bayan daren nan na Agusta, wani dattijo ɗan fansho da ya fi kowa daɗewa a gidan ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai ne mai boko, rubuta mana." Na ce, "To, Baba." Muka rubuta, kowa ya sa hannu, ba a amsa ba. Muka yi karo-karo muka sayi siminti buhu uku da yashi, muka kira magini ya zuba murfin sokawe ya toshe gindin bango, muka yashe magudana. Cikin wata guda kyankyasai suka ragu, aka daina jin gudun ɓera a silin. Da muka kai wa wakilin rasit, sai ya ce ba shi ya sa mu ba. Da shekara ta zagayo kuwa aka ƙara wa kowane ɗaki kuɗi, wai gidan ya gyaru.

Rasit ɗin yana nan a hannun Baba, a cikin leda, tare da takardar da muka sa wa hannu. Ranar Asabar mai zuwa za mu kai su gaban mai unguwa, mu goma sha ɗaya, har da uwar yarinyar.