Tumbin Jidda da sikelin da ya ƙi motsi

 Wannan makon zan ajiye batun iƙama da aika kuɗi gida, in taɓo abin da ya fi kusa da ni, wato tumbina.

Watanni bakwai da suka wuce na je wani asibiti a nan Jidda saboda ciwon gwiwa. Likitan, wani ɗan Sudan mai fara'a, ya ɗan latsa gwiwar, ya dubi cikina, ya tura ni gwajin jini. A gwajin da ke nuna yadda sukarin jini ya kasance cikin wata uku, nawa ya nuna 6.2. Ya ce daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofa, in ya kai 6.5 ya shiga ɗakin ciwon suga. Shekarata 48, tsawona santimita 172, nauyina kilo 96. Gabana ya faɗi, domin suga ce ta cinye wa mahaifina yatsun ƙafa biyu a Kano kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Na ce wa likita ai ba zaune nake ba. Na taɓa daina cin shinkafa wata biyu cur, na zubar da kilo shida, cikin rabin shekara takwas suka dawo. Na sayi shayin rage ƙiba mai tsada, abin da kawai ya rage mini shi ne riyal da natsuwa, don yini nake zaryar banɗaki. Na kama azumin Litinin da Alhamis da niyya biyu, Allah Ya yafe mini, amma abin da nake ci a shan ruwa ya isa mutum uku. Ramadan kuwa ba a magana. Sambusa, luƙaimat, sobiya mai sanyi, bayan tarawihi a sake shimfiɗa leda. Ranar Sallah jallabiyata ta fi matse ni.

Hujjar da na riƙe tun da na haura arba'in ita ce shekaru. Kowa a majalisarmu haka yake cewa: jikin babba ba ya ƙona abinci, ko ruwa ka sha sai ya zama kitse. Sai na ci karo da binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2021, bayan auna mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29. Sun gano cewa in aka yi la'akari da girman jiki, yadda yake ƙona abinci kusan ba ya sauyawa daga shekara 20 har zuwa 60. Gaskiya ban ji daɗin karanta wannan ba, don ya ƙwace mini uzurin da na daɗe ina fakewa da shi.

To me ya sauya? Na buɗe ma'aunin taku da ke wayata, wanda ban taɓa kula shi ba. Taku 2,300 a yini. Ni da nake tashi daga Gwale a ƙafa in je Kantin Kwari in dawo, ban ɗauke shi komai ba. A Jidda daga ɗaki mai sanyi sai lif, daga lif sai mota, daga mota sai kujerar ofis. Ko burodin tamis na kan kwana da mota nake zuwa saye. Ban ga laifin kowa ba, wanda ya san zafi da gumin garin nan a watan Agusta ya san ba a yawo da rana. Amma shekara goma sha huɗu na irin wannan zaman tana zaftare tsokar jiki, ita kuwa tsoka ta fi kitse cin abinci ko mutum yana kwance.

Sannan ga faranti. A nan ba a cin abincin dare sai gari ya yi sanyi, ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyu. Za a ajiye tiren mandi ko kabsa a tsakiya, mai gida yana yago nama yana turowa gabanka. Ka ɗauke hannu ya ce wallahi sai ka ƙara. A tire ɗaya da mutum shida, wa ya san loma nawa ya kai? In ka gudu daga Larabawa ka faɗa hannun 'yan uwa a Karantina ko Sabil, ga tuwo, ga masa, ga tsiren da mutanen Hijaz suka aro daga kakanninmu suke kira siriya. Hadisin nan na raba ciki uku duk mun haddace shi, har muna karanta wa yara, mu da cikinmu ba masaka tsinke.

Hukuma ta yi nata. A 2017 aka ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba, kuma daga farkon 2019 wajibi ne gidajen abinci su rubuta adadin kalori a jikin kowane abinci. Shekaru ina ganin lambobin nan, farashi kawai idona ke karantawa. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara, ni kuwa biyu nake korawa da shinkafa.

Likitan ne ya hana ni komawa horon yunwa. Jiki ba ya sanin kana son shiga tsohon wandonka, abin da ya sani shi ne fari ya zo, sai ya rage kashewa ya ƙara maka kwaɗayi. An ga haka a Amurka: a 2016 masu bincike sun bibiyi mutum 14 da suka zubar da ƙiba mai yawa a wata gasar talabijin, bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum. Ya ce in manta da kilo 75 na ranar aurena. Wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya nuna masu bakin ƙofa irina, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. A wurina kilo bakwai ke nan, ba ashirin ba. Ya kuma ba ni awo mai sauƙi: kada kewayen ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum. Nawa ya kamata ya tsaya a 86, yana 108.

Yanzu bayan Asuba nakan tafi bakin teku, Kornish, in yi tafiyar minti arba'in kafin rana ta fusata. Da na fara ƙorafin nisa, sai na tuna sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita uku, kuma ban taɓa jin wani Bahaushe ya ce ya yi masa yawa ba. Na bar lemo, na rage sukarin shayi. In an gayyace ni walima nakan ci kafin in fita, can in zauna kusa da salak, in yi ta hira da ƙashi ɗaya a hannu. Wani dare nakan ci nasara, wani daren mandi ya ci.

Zuwa jiya kilo huɗu suka tafi, ƙugu ya sauka zuwa 102, kuma mako biyar ke nan sikeli bai motsa ba. Gwajin jini na gaba sai wata mai kamawa.

Ranar Juma'a na kira Hajiya ta bidiyo. Ta kawo fuskarta dab da waya, ta yi shiru, sannan ta ce, “Kai, me ya same ka ka rame haka? Ko aikin ne ya tsaya kake ɓoye mini?” Na ce lafiya lau, likita ne ya ce in rage. Ta ce likitan bai san gidanmu ba, kuma kada in kuskura in zo Kano da wuya kamar na zalɓe mutane su ce wahala nake sha a Saudiyya. Ta riga ta ba wani mai zuwa Umara saƙon dambun nama da man shanu, ranar Talata zai sauka.