SHARHI: Jin Ra'ayin Mai Saye Ba Ya Amfani Sai An Yi Aiki Da Shi

Ya zama al'ada a 'yan shekarun nan, da zarar mutum ya fito daga banki ko otal, ko kuwa ya gama magana da ma'aikacin kamfanin waya, sai saƙo ya biyo shi ana roƙonsa ya faɗi yadda ya ga hidimar da aka yi masa. A wasu wuraren takardar tambayoyi ake miƙa masa ya cike, a wasu kuma akwatin shawara ne aka kafa a bakin ƙofa, wanda sau da yawa tsatsa ta riga ta ci kwaɗonsa. Tambaya dai ana yin ta, ana kuma kashe kuɗi masu yawa wajen yin ta. Abin da ke da wuyar gani shi ne ranar da amsar mai saye ta sa aka ƙara ma'aikaci a kan kanta, ko aka gyara awo, ko aka sauya lokacin buɗe shago.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin kuwa duk ɗan kasuwar da ya tambayi abokin cinikinsa abin da ke damunsa ya ɗauki alkawari ke nan, ko da bai furta ba, cewa zai yi wani abu a kai. Mutumin da ya rubuta cewa layi ya yi tsawo, ya dawo bayan wata shida ya tarar da layin yadda ya bar shi, sa'an nan aka sake miƙa masa takardar nan ya cike, ya fahimci cewa masu wurin sun san matsalar amma ba ta dame su ba. Kafin a tambaye shi yana iya yi musu uzurin rashin sani, bayan an tambaye shi kuwa babu sauran uzuri. Da muguwar rawa, in ji masu iya magana, gara ƙin tashi.

Masanin tattalin arzikin nan Albert Hirschman ya bayyana a cikin wani littafi da ya wallafa a 1970 cewa idan ingancin kaya ya faɗi, hanya biyu ce ke gaban mai saye: ko ya yi magana, ko ya kama gabansa. Wanda ya tsaya ya yi ƙorafi yana da sauran ƙauna ga kamfanin, kuma shawara ce yake bayarwa kyauta a kan abin da manajan da ke zaune a ofis ba zai iya gani ba, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya tafi shiru kuwa ba ya barin bayani, sai dai a ga ciniki yana raguwa a ƙarshen wata, a ɗora laifin a kan rashin kuɗi a hannun jama'a.

Tarihin wayar salula a Nijeriya ya isa darasi a kan wannan batu. A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layukan waya da ke aiki a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, saboda haka jama'a suka yi rububin sayen layi duk da tsadarsa. Kuɗin kira kuwa Naira 50 ne a kowane minti, kuma da minti ake lissafi. Wato wanda ya yi magana ta sakan 61 zai biya Naira 100, wanda kuma kiransa ya katse bayan sakan biyar an ci masa Naira 50 cif.

Babu wani kamfani da ke bukatar dogon bincike kafin ya san abin da masu waya ke so a wancan lokaci. Kukan yana cikin jaridu da gidajen rediyo, yana kuma bakin duk mai sana'ar kiran waya da ke zaune a ƙarƙashin lema: a riƙa lissafi da sakan. Amsar da aka riƙa bayarwa ita ce hakan ba zai yiwu ba tukuna sai bayan wasu shekaru, aka kuma kawo hujjojin tsadar kafa turakun sadarwa da rashin tsayayyar wutar lantarki. Hujjojin ba ƙarya ba ne, amma ba su amsa kukan mutumin da ake karɓar kuɗinsa a kan maganar da bai yi ba.

A watan Agusta na 2003 kamfanin Globacom na Mike Adenuga ya shigo kasuwa, kuma da lissafin sakan ya fara. Ranar 19 ga Satumba na wannan shekara masu waya da dama suka kashe wayoyinsu na yini guda domin nuna rashin jin daɗinsu da tsadar kira da rashin ingancinsa. Cikin 'yan watanni sauran kamfanonin suka bi sahu, abin da aka ce sai an yi shekaru ya tabbata ba tare da wani ya durƙushe ba. Ke nan bukatar da aka yi shekara biyu ana ji ana ajiyewa ita ce ta zama ƙofar da sabon abokin gasa ya shigo ta cikinta. Da ɗaya daga cikin na farko ya amsa kukan tun da wuri, da shi zai ci yabon, ya kuma toshe ƙofar.

Idan haka ta faru a lokacin da kamfanonin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, to yanzu da hanyar ficewa ta ƙara faɗi fa? Tun watan Afrilu na 2013 mai waya na iya sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Mai ajiya na iya buɗe asusu a wani bankin daga kan wayarsa. Mai shago a Agege ko Sabo ta Ibadan na iya kwatanta farashin dillalai uku kafin ya tashi daga kan benci. Ga shi kuma aljihu ya yi zafi, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, kuma mutumin da kuɗinsa ya rage daraja ba ya haƙuri da wulaƙanci kamar dā.

Lissafin asarar ba shi da wuya. A ɗauka wani ɗan sari yana da mai saye da ke ɗaukar kayan Naira 200,000 kowane mako. A shekara cinikin wannan mutum ɗaya ya haura Naira miliyan 10. Idan ya yi ƙorafi sau biyu cewa ana kawo masa kaya a makare, ko ana cusa masa kwalaye masu lahani, ba a gyara ba, ya koma wani wuri, to an yi asarar wannan ciniki duka a kan abin da watakila hayar mota ɗaya za ta magance. A wani nazari da Frederick Reichheld da Earl Sasser suka wallafa a mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a 1990, sun nuna cewa rage yawan abokan cinikin da ke ficewa da kashi 5 cikin ɗari kawai yana iya ƙara riba da kashi 25 zuwa 85 cikin ɗari, gwargwadon irin sana'ar. Dalili shi ne tsohon mai saye ba ya bukatar talla, ya san kaya, yana kuma jawo 'yan'uwansa.

Akwai 'yan kasuwa da ke cewa mai saye ba ya ƙoshi, kullum arha yake nema, kuma wanda ya biye masa zai cinye jarinsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai aiki da ra'ayin mai saye ba yana nufin a yi masa duk abin da ya faɗa ba. Ana neman a gano matsalar da ke bayan maganar ne. Lokacin da kamfanin da ke yin madarar Cowbell ya shigo Nijeriya a 1993, shirin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1986 ya riga ya sa gwangwanin madara ya gagari talaka. Kowa na cewa madara ta yi tsada. Kamfanin ya lura cewa mutane da yawa da kuɗin yini suke cefane, ba su da na sayen gwangwani a tashi ɗaya, sai ya ƙulla garin madara a ƙananan leda da mai shayi da ɗan makaranta za su iya saye. Daga bisani manyan kamfanoni suka kwaikwayi dabarar, har ta game omo da man girki da tumatir.

Haka kuma, tambaya mara kyau tana haifar da aiki mara kyau. A Amurka, kamfanin Coca-Cola ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 wani sabon haɗin lemonsa, akasarinsu suka ce ya fi daɗi, saboda haka ranar 23 ga Afrilu na 1985 ya janye tsohon ya fito da sabon. Jama'a suka yi caa, kuma bayan kwana 79 tilas aka dawo da na asali. An tambayi mutane wanne ya fi daɗi a baki, ba a auna yadda za su ji ba idan aka raba su da abin da suka tashi da shi. Amma ko a nan abin da ya ceci kamfanin shi ne saurin da ya yi wajen amsa kuskurensa da aiki da kukan da ya biyo baya.

Wani abin dubawa shi ne su wa ake tambaya. Kamfani da ke Legas ko Abuja ya tsara tambayoyinsa da Turanci, ya aika ta intanet, amsoshin da zai samu na masu ilmin boko ne da ke riƙe da manyan wayoyi. Falken da ke sauke tirelar albasa a kasuwar Mile 12, da matar da ke sana'a a cikin gida, da dattijon da ke karatu da ajami, waɗanda kuɗinsu ke juyawa a asusun kamfanin, ba su shiga lissafi ba. Rahoto zai fito ya ce akasarin abokan ciniki sun gamsu, alhali kuwa waɗanda ba su gamsu ba ne ba a kai gare su ba. Lalle ne a tambayi mutum da harshen da yake ciniki da shi, kuma a inda yake cinikin.

To, mene ne abin yi? Da farko kada a tambayi abin da ba a shirya taɓawa ba. Tambayoyi biyar da za a yi aiki da su sun fi hamsin da za a adana. Na biyu, a ɗora alhakin kowane ƙorafi a wuyan mutum guda sananne, a kuma sa masa wa'adi, domin abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa. Na uku, rahoton ya riƙa isa gaban mai ikon kashe kuɗi kai tsaye, kada ya bi ta hannun wanda ake ƙorafin a kansa. Ya kamata kuma a daina hukunta manajan reshe saboda yawan koken da ya rubuta, domin yin haka koya masa ɓoyewa ne. A auna shi da yawan waɗanda ya warware. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, a koma wa mai saye a gaya masa abin da aka yi. In kuwa bukatarsa ba za ta yiwu ba, a faɗa masa dalili, domin mutane sun fi jure "a'a" mai bayani a kan shiru.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya bukatar kwamfuta ko hayar masana kafin ya yi wannan. Yaran shagonsa suna jin abin da masu saye ke faɗa idan maigida ba ya nan, sun san kayan da ake dawowa da su, sun kuma san wanda ya daina zuwa. Littafi ɗaya da za a riƙa rubuta waɗannan abubuwa, a zauna a duba shi kowane ƙarshen mako, da kiran waya ga wanda aka kwana biyu ba a gani ba, sun isa a fara. Ai da ma haka iyaye da kakanni suka riƙe fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu: mai masauki da ya bari aka cuci baƙonsa bai bi masa haƙƙi ba, ya san baƙon ba zai sake sauka gidansa ba, labari kuma zai riga shi isa gida.

Gaskiya ne akwai hukumomin da ke karɓar koke. Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna, NCC tana da lambar 622 ta kai ƙara kyauta, ga kuma Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye a 2019. Amma duk koken da ya kai gaban hukuma ya riga ya wuce ta kan teburin kamfanin ba a kula shi ba, kuma ko da an sasanta, da wuya mai ƙarar ya koma ciniki da zuciya ɗaya. Saboda haka ya wajaba ga kowane shugaban kamfani da kowane mai shago, kafin ya buga sababbin takardun tambayoyi na bana, ya buɗe na bara ya ƙirga abubuwa nawa aka gyara daga cikin waɗanda aka gaya masa. Idan bai samu ko ɗaya ba, to daga nan aikin zai fara.