Sharhi: Sabunta fasfo da tambayar "ina ne garinku na asali?"

A duk lokacin da wa'adin fasfon mutum ya ƙare, bisa al'ada abin da ake bukata bai wuce cika takarda da biyan kuɗi da ɗaukar hoto ba. To sai dai kuma ga da yawa daga cikin mazauna zangunan ƙasar Ghana, wannan ɗan ƙaramin aiki yakan rikiɗe ya zama shari'a a kan asalinsu. Ƙorafin da aka sha ji daga Nima da Sabon Zango a Accra, har zuwa zangon Kumasi, shi ne da zarar an ga suna irin su Garba ko Hadiza, sai a shiga tambayar garin kakanni da yaren da ake yi a gida, ko da kuwa mai neman yana riƙe da tsohon fasfon da hukuma ta ba shi da hannunta.

Tushen matsalar yana cikin tarihi. Hausawa sun daɗe suna fataucin goro zuwa Salaga tun kafin zuwan Turawa, kazalika wasunsu sun yi aikin soja da na ɗan sanda a ƙarƙashin mulkin Ingila tun cikin shekarun 1870. Amma a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba wa baƙin da ba su da takardun zama makonni biyu su fice daga ƙasar, matakin da ya rutsa har da waɗanda aka haifa a can. Nijeriya ita ma ta yi irin wannan kora a 1983. Tun daga wancan lokaci kalmar "baƙo" ta manne wa mutanen zango.

A haƙiƙa doka ba ta goyi bayan wannan zato ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tanadi cewa duk wanda aka haifa bayan fara aiki da shi, a cikin ƙasar ko a waje, ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Babu inda aka ambaci ƙabila ko yare, hasali ma sashe na 17 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2020, inda ta bayyana cewa takardar haihuwa ba hujja ba ce ta zama ɗan ƙasa. Idan takardar haihuwa ba ta isa ba, tsohon fasfo kuma aka yi shakkarsa, da me talaka zai kare kansa, alhali kakansa ya rasu ba tare da ya taɓa mallakar takarda ko ɗaya ba?

Wanda ke zaune a ƙetare shi ya fi ji a jika. Izinin zama a ƙasashe irin su Saudiyya yana tafiya ne tare da fasfo mai aiki, saboda haka jinkirin 'yan watanni na iya raba mutum da aikinsa, ko ya hana shi zuwa jana'izar mahaifiyarsa.

Ba shakka kowace gwamnati tana da haƙƙin tantance wanda za ta ba fasfonta, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa akwai masu samun takardu ta hanyar ƙarya. Amma maganin wannan shi ne bincike mai hujja a kan mutum guda, maimakon zargin al'umma baki ɗaya. Wanda ya taɓa riƙe fasfo, kamata ya yi a ɗauke shi ɗan ƙasa har sai hukuma ta kawo shaidar akasin haka a gaban alƙali, kuma kafin a yanke hukunci a ba shi fasfo mai gajeren wa'adi. Darasin Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ya isa misali: a 1980 gwamnatin Nijeriya ta tasa ƙeyar wannan shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Borno zuwa Chadi bisa zargin baƙo ne, amma kotu a Maiduguri ta tabbatar masa da 'yancinsa. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi, direba ko mai sayar da goro ba shi da su.

Ƙasashen yammacin Afirka sun yi alkawari a Abidjan a 2015 za su kawar da matsalar rashin ƙasa, kuma a 2024 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniya a kan haƙƙin zama ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne a ga tasirinsu a teburin jami'in fasfo. Su ma sarakunan zango da limamai akwai nauyi a wuyansu na matsa wa iyaye su yi wa 'ya'yansu rajista tun ranar suna, su kuma adana takardun iyaye da kakanni, domin ran wanka ba a ɓoyon cibi.