Ƙuri'ar Da Ba Ta Shiga Lissafi Ba

Ya ku 'yan'uwana mata, wannan mako zancenmu na kujerar majalisa ne, da yadda takan kuɓuce wa mai ita bayan an gama ƙirga.

Wani lokaci abin da sauƙi. A watan Disamba na 2008 ne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanata Adamu Aliero ministan Abuja, kujerar Kebbi ta Tsakiya, wadda mu mutanen Gesse muke cikinta, ta zama babu kowa. Aka yi zaɓen cike gurbi, Atiku Bagudu ya hau. Wato an komo an sake tambayarmu wa muke so.

To, amma ba kullum ake sake tambaya ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Zamfara. A zaɓen 2019 jam'iyyar APC ta cinye kujerun dattawa 3 da na wakilai 7. Ran 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tsara ba, saboda haka ba ta da 'yan takara tun farko. Duk ƙuri'un da aka jefa mata suka tashi a banza. Ba a sake zaɓe ba, waɗanda suka zo na biyu aka ba kujerun. Matar da ta bar tukunya bisa murhu, ta goya ɗa, ta yini a layi cikin rana, tamkar ba ta fita ƙofar gida ba. Ni dai ban ga laifin alƙalai ba. Laifin na manyan jam'iyya ne da suka tsaya rigimar junansu har lokaci ya ƙure.

Mu matan Arewa sai a 1976 aka yarda mu jefa ƙuri'a, bai kamata mu yi sakaci da ita ba. Kafin zaɓe hukumar INEC takan liƙa sunayen 'yan takara da takardunsu a mazaɓa. 'Yan makaranta, ku je ku karanto wa iyayenku mata. In kun ji ana shari'a kan wanda jam'iyya ta tsayar, a Birnin Kebbi ne ko Argungu, ku kasa kunne ga rediyo ku ji inda alƙali ya tsaya kafin ranar dangwala yatsa.