Kafin ka sake wa tsohon babur fenti

Idan akwai tsohuwar Jincheng jingine a zaurenku, kura ta rufe ta, kada ka yi saurin kai ta wurin 'yan gwangwan. Sau da yawa ciwonta bai wuce kabireto da ya toshe da tsohon fetur ba. Ka kwance shi ka wanke, ka canza fulogi da bakin mai, sannan ka buga. In ta tashi tana hayaki mai shuɗi, mai take ci, ringi ne. Wannan kam ka bar wa bakanike, ko ka je Funtuwa da tsohon fistan a hannu don a ba ka daidai girmansa.

Kwalliya ta biyo baya. Ka yi wa tanki fenti, ka ɗinka sabuwar kujera, ba laifi. Amma lambar inji da ta firam, ko kusa kada fenti ko sanfefa su taɓa su. A yankinmu babur ba abin wasa ba ne. Ka tuna a 2021 gwamnatin Masari ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Babur mai goggen lamba, a shingen jami'an tsaro, bayani ba zai fisshe ka da sauƙi ba. Ka nemo rasit ɗinsa tun kafin ka sayi gwangwanin fenti.

Salansa mai ƙara kuwa, ka bar wa yaran birni. Mutanen Sabuwa da Faskari sun san abin da rugugin babur da dare yake sa wa zuciya.